Ina zan kai yara a Yamai?

Tambaya: Malam, daga Tawa nake. Zan kai yarana Yamai hutun makaranta wurin ƙanwata. Ban da Babbar Kasuwa, ina zan kai su?

Amsa: Hajiya, ki fara da gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Ki je da safe kafin rana ta yi zafi, don yawo ne na ƙafa. Akwai zakuna da dorina da kadoji, ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a jihar Agadas. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne busasshen itacen Tenere, wanda ya rayu shi kaɗai cikin hamada har wata mota ta buge shi a 1973. Hamada duk faɗinta, direba bai samu abin bugewa ba sai shi!

Da la'asar ku gangara bakin kogi kusa da gadar Kennedy, ku sha iska, ku ci kilishi. Takalma da jakunkunan fata kuwa, sai wurin masu sana'ar hannu na Wadata. Ki yi ciniki sosai.

Raƙuman dawa suna Kure, kamar kilomita 60 daga gari, amma ki tambayi halin tsaron hanya tukuna.