Gwaggo, ga abin da ya haɗa mu da mujiya

Gwaggo, ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Saƙonki ya iso, na saurare shi har sau biyu, musamman inda kika ce, "Wai ku mutanen Ingila me ya haɗa ku da mujiya, har kuke kai mini takwara wurinta da magariba?" Na ji damuwar da ke cikin muryarki. Ke kika rene mu, a bakinki muka fara jin cewa idan ta yi kuka a kan ɗaki sai a nemi tsari, don haka na ga ya kamata in zauna in rubuto miki a tsanake, a karanta miki.

Ni ma da tsoronta na zo ƙasar nan. Bayan gidanmu a Yorkshire akwai ɗan kurmi, kuma shekarar da muka tare, cikin watan Oktoba, kusan kullum sai na ji kukan bayan isha'i. In tashi in rufe taga, in tofe yara da addu'a. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta fara kwantar mini da hankali. Ta ce ba tsuntsu ɗaya nake ji ba, biyu ne: macen ita ke yin gajeren kuka mai kaifi, namijin ya amsa da dogon "huu" mai rawa a ƙarshe. Kukan yana yawaita da kaka ne saboda lokacin 'ya'yan bana suke neman wurin zama, manyan kuma suna shelar cewa nan da mai shi. Wannan ita ce mujiyar kurmi mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ta fi kowace yawa a Birtaniya, ko da yake tsibirin Ireland da ke kusa babu ita.

Na fi shekara ina jinta kafin in sa ta a ido. Wata safiya na bi ta kurmin, sai na ji ƙananan tsuntsaye sun cika wuri da tsiwa, duk sun taru a bishiya guda, wannan ya kai wawura ya koma, wancan ya zo. Na ɗaga kai. Ga ta a manne da gindin reshe, launinta ya saje da ɓawon itacen, idanunta baƙaƙe wuluk a lumshe, ta yi shiru tana jure musu. Gwaggo, tun ina yaro nake jin ana cewa an mai da wane mujiya, amma sai ranar na ga abin da maganar take nufi. Tausayinta ya kama ni. Na daɗe a tsaye, ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta mayar ta rufe. Ban ga komai ba sai tsuntsuwar da ta kwana tana neman abinci, tana son a bar ta ta yi barci.

Da na ba wani malaminmu labari a masallaci, sai ya karanto mini hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi ya kuma kore hama. Ya ce malamai da yawa sun fassara hama da mujiya, wadda Larabawan jahiliyya suke ɗauka mai shelar mutuwa ce idan ta sauka a kan gidan mutum. Wannan ya fi komai sanyaya mini zuciya, kuma na san ke ma shi zai fi shiga ranki. Turawan nan ma sun yi irin wannan camfin, har akwai zamanin da manomansu suke kafe gawarta da ƙusa a ƙofar rumbu wai don korar sharri.

Akwatin da kika gani a hoton, a kan dogon turke bayan takwararki, wani manomi ne ya kafa shi don farar mujiya ta yi sheƙa. Ita ce dai mai farar fuskar nan da kika sani, mai ƙara kamar ana yaga ƙyalle. Ta taɓa yin ƙaranci sosai a nan. A ƙidayar 1932 an kiyasta gida 12,000, wato namiji da mace, a Ingila da Wales, amma a ta tsakiyar shekarun 1990 kimanin gida 4,000 aka samu a Birtaniya baki ɗaya. An rushe tsofaffin rumbunan da take kwana, an nome filayen doguwar ciyawa inda ɓerayen da take ci suke, ga maganin feshi, ga motoci da ke bankaɗe ta da dare don ƙasa-ƙasa take tashi. Dokar 1981 ta hana a dame ta a sheƙa, ko leƙa akwatin sai da lasisi. Yanzu mafi yawansu a irin waɗannan akwatunan suke ƙyanƙyasa. Manomin ya san ribarsa, don guda ɗaya tana cin ɓera uku ko huɗu a dare, balle idan tana da 'ya'ya.

Idan kin gan ta tana farauta, Gwaggo, sai kin yi tasbihi. Takan fito gab da faɗuwar rana, fara fat, tana bin bakin shinge a hankali da kanta a sunkuye. Ta taɓa wucewa kusa da mu, taku kaɗan, ba mu ji ko motsin iska ba, saboda gashin fukafukinta laushi gare shi, bakinsa kuma tsage-tsage kamar matsefi, yana kashe ƙarar. Da kunne take farauta fiye da ido. Fuskar nan tata kamar faranti tana tattara sauti, kunne ɗaya kuma ya ɗara ɗaya tsawo, shi ya sa take gane inda ɓera yake a cikin ciyawa ko da duhu ya yi dunɗum. Juya kan da yake ba mutane tsoro ma yana da dalili: idonta ba ya juyawa a gurbinsa, sai Allah ya ba ta ƙashin wuya 14, mu muna da 7. Laushin gashin nan yana da nasa tsadar, don ba ya tare ruwa, idan aka jera kwanaki ana ruwan sama yunwa takan kashe su.

Fitar ma tana da ladabinta, kuma mun koya wa yara. Ba a haska mata tocila, ba a kunna kukanta a waya don a jawo ta, ba a matsawa kusa da sheƙa. Idan da bazara aka ga ɗan mujiyar kurmi a gindin bishiya kamar curin auduga, ba a ɗauko shi gida, iyayensa suna kusa kuma yana iya hawa da kansa. Mun daina sa gubar ɓera a gidanmu, don ɓeran da ya ci ta yakan ƙare a cikin mujiya.

Ba zan ce miki duk Hausawan nan haka suke ba. Akwai abokina da har gobe idan ya ji kukan sai ya sauya hanya, kuma ban taɓa matsa masa ba. Amma gidaje uku ko huɗu mukan haɗu idan yamma ta yi kyau, mu yi la'asar, mu ɗauki madubin hangen nesa da rigunan sanyi, mu tsaya a bakin gonar shiru. Idan magariba ta riske mu, a nan muke shimfiɗa darduma. Wata rana mu gan ta, wata rana mu dawo haka nan.

Takwararki ta ɗauki kukan na bayan gida a wayar mamanta, ta ce lallai in tura miki, wai ki saurara da kyau ki faɗa mata wanne ne namijin. Na haɗo shi da wannan saƙon. A gaishe mini da mutanen gida gaba ɗaya.