Ɗana ya daina kukan uwarsa, an ce ya dangana

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a Aboabo, Kumasi. Wata biyu ke nan da muka rabu da matata, ta koma gidansu a unguwar Nima da ke Accra, ni kuma na riƙe ɗanmu mai shekara 3 da rabi, yana wurin mahaifiyata. Da farko ya yi ta kuka dare da rana yana kiran uwarsa. Yanzu ya yi shiru, sai dai ba ya cin abinci sosai, ya koma fitsarin kwance, ya rage magana. Hajiya, wato mahaifiyar tawa, ta karɓo masa rubutun dangana, ta ce ya yi aiki, ta kuma hana uwar kiransa a waya don kada a fama masa ciwo. Kowa na cewa yaro ne, zai manta. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, gara da hankalinka ya ƙi kwanciya.

Fara da asibiti. Ɗauki littafin awonsa da katin inshorar lafiya a duba nauyinsa, a gwada zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, a duba fitsarinsa, domin ciwon mafitsara ma yakan mayar da yaro fitsarin kwance. In duk an samu lafiya lau, wanda shi nake zato, to abin da ke damun ɗanka kewa ce.

Yaro mai waɗannan shekaru bai san dangi da sunan zumunta ba. Abin da ya sani shi ne wa ke zuwa idan ya farka da dare, bayan wa ya saba hawa, wa ke fifita masa koko har ya huce kafin a ba shi. Bai kuma san lissafin lokaci ba. Ka ce masa "bayan Salla za ka ga Mama", daidai yake da ka ce masa ba za ta dawo ba. Sau da yawa ma yakan ɗauka laifinsa ne, wata ɓarna ya yi shi ya sa ta tafi.

Yanzu ga maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kusan kullum sai na ji ta a wurin aiki: "ya yi shiru, ya dangana." Wa ya ce shiru dangana ne? Tun shekarun 1950 wasu masu bincike, John Bowlby da James Robertson, suka bi diddigin ƙananan yaran da aka raba da iyayensu a asibitoci da gidajen reno a Ingila. Suka ga abin yana tafiya mataki-mataki. Da farko yaro zai yi bore, ya yi kuka, ya ƙi kowa, idonsa na kan ƙofa. Daga nan sai ya yanke ƙauna: kukan ya ragu, ya koma gefe, abinci ya fita ransa. Idan abin ya daɗe sai ya shiga mataki na uku, ya koma wasa da dariya da kowa, amma ranar da uwar ta zo ya kau da kai kamar bai taɓa ganinta ba. Ma'aikatan jinya na wancan zamani su ma cewa suke yi yaro ya saba, har suna taƙaita ziyarar iyaye don wai tana tayar masa da hankali. Irin wannan bincike na cikin abin da ya sa rahoton kwamitin Platt na gwamnatin Birtaniya na 1959 ya ce a buɗe wa iyaye ƙofar ɗakunan yara a asibiti. Su sun gyara tun shekara sittin da wani abu, mu har yau muna ba da tukuici idan yaro ya daina kuka.

Abin da ka bayyana ya yi kama da mataki na biyu. Da rubutu da babu rubutu, kukan zai tsaya, domin ba yaron da zai yi ta kira har abada ba a amsa masa ba. Ba ni da faɗa da addu'a, ku yi masa safe da yamma. Faɗana da masu karɓar kuɗi su ce sun shafe uwa daga zuciyar yaro, da masu cewa iska ce ko baki a hau shi da hayaƙi, da masu dukansa saboda ya jiƙa katifa. Mafi muni su ne masu ba shi maganin mura mai sa barci don gida ya huta. Kada a kuskura.

Hajiya ba mugunta take yi ba, jikanta take tausayi, kuma zamansa a hannun kakar da ya sani rahama ce. Riƙo ba baƙon abu ba ne a zango, da yawanmu a hannun kaka ko gwaggo muka tashi. Amma riƙon da ke tafiya lafiya shi ne wanda yaro ya san uwarsa na nan, yana ganinta, yana jin muryarta. Yanke waya ne ke ɓata lamarin. Idan ya ji muryarta zai yi kuka, ƙila ya kwana biyu yana rigima, Hajiya ta ce "ba ga shi ba". A bar shi ya yi, a rungume shi. Yaron da ke kukan uwarsa bai fid da rai da ita ba, ni kuwa shi na fi so in gani.

Ka zauna da Hajiya cikin ladabi, in da hali ka tafi da kawunka ko limamin unguwa. A tsayar da lokacin kiran bidiyo kullum, misali bayan Magariba, kada a saɓa. A karɓo masa zanen uwarsa ya riƙa kwana da shi. A faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa: Mama na Accra, tana sonka, ba kai ka kore ta ba. Kada wanda ya zage ta a gabansa. Kai ma ka riƙa zuwa kullum a lokaci ɗaya, ka ci abinci da shi a kwano guda. Sannan a haɗa su ido da ido ba da jimawa ba, tsakanin Kumasi da Accra ai motoci ba sa yankewa.

Sai abin da ƙila ba za ka so ji ba. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, bayan saki uwa ce ke da haƙƙin renon yaro muddin ba ta yi wani aure ba, bayanta kuma uwarta tana gaba da kakar wajen uba. Ciyarwa tana wuyanka ko yana ina. Dokar yara ta Ghana ta 1998, mai lamba 560, a sashe na 45 ta umarci kotun iyali ta duba maslahar yaro da muhimmancin zaman ƙaramin yaro tare da uwarsa. To a kan wace hujja ake cewa "ɗa na uba ne" a ɗauke ɗan shekara 3? Ku sasanta ta hannun manya, in ta ƙi ku je ofishin jin daɗin jama'a na gundumarku kafin a kai ga kotu.

Idan ya daina magana gaba ɗaya, ko yana ramewa, ko ya ƙi shan ruwa, kada ka jira sulhu. Kai shi sashen yara na asibitin Komfo Anokye, ka faɗa musu labarin rabuwar tun daga farko.