Amsoshin Tambayoyinku: Kafin ka yaba fenti, leƙa ƙasan motar

Tun da damina ta kankama, tambayoyin da ke zuwa wa wannan fili suka karkata ga tsatsa. Ga huɗu daga ciki.

Wani malamin makaranta daga Zariya ya rubuto: "Na tara kuɗi zan sayi Corolla 'yar Beljiyam. Dillali ya nuna mini guda biyu, shekararsu ɗaya. Ɗayar ta fi arha sosai, fenti sai sheƙi, amma da na duƙa na ga ƙarfunan ƙasa sun yi ja. Ya ce duk motar Amurka haka take, kuma tun da nan Arewa babu ruwan teku, tsatsar za ta tsaya inda take. In saya?"

Malam, dillalinka ya faɗi rabin gaskiya ya haɗiye rabi. Tsatsa ba ta buƙatar komai sai ƙarfe da ruwa da iska, gishiri kuwa shi ke ƙara mata gudu. A jihohin Amurka masu tsananin sanyi irin su Michigan da Ohio da New York, da lardin Ontario na Kanada, hukumomi suna watsa gishiri a kan titi duk hunturu don ya narkar da ƙanƙara. Motar da ta shekara goma tana wanka da wannan ruwan, gishirin ya riga ya shige duk wata mahaɗa da lungun walda. Rani da iskar hunturunmu za su rage mata sauri, wannan gaskiya ne. Amma gishiri yana jan danshi, kuma da zarar ruwan sama ya sauka, aiki zai ci gaba daga inda ya tsaya.

Sai dai ba kowane ja ba ne abin tsoro. Akwai tsatsar sama, wadda in ka goga da burushin ƙarfe za ka tarar da lafiyayyen ƙarfe a ƙasa. Wannan kusan kowace tsohuwar mota tana da ita, a salansa da kan kusoshi da faifan burki. Akwai kuma wadda ta ci ta kumbura, tana ɓarewa falle-falle. Ita ce ke kashe mota.

Don haka kada ka yi ciniki a filin dillalai. Ka ce a kai ta gareji mai rami, ka zo da bakanikenka, ba nasa ba, da tocila da sukundireba. Ku ƙwanƙwasa ƙarfunan da ke ɗauke da inji da ƙafafu, da inda shokozoba ke zama, da gefen ƙasa inda ake kafa jak. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara. Wanda ya ruɓe sai ka ji luƙus, wani lokaci bakin sukundireba ya huda ya wuce. Ku bi siraran bututun burki da ido tun daga gaba har baya, domin in ɗaya ya fashe a kan hanyar Kaduna, maganar ta wuce ta kuɗi. Ku buɗe but ku ɗaga sifeya ku duba raminta. In kuwa kun tarar an fesa sabon baƙin fenti a duk ƙasan tsohuwar mota, sumul kamar jiya ta fito kamfani, ni na fi jin tsoron wannan a kan jan da nake gani da idona.

Kada kuma sunan kamfani ya ruɗe ka. Toyota da muke rantsuwa da ƙarkonta, a 2016 ta amince da sulhu na kusan dala biliyan 3.4 a Amurka saboda tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia na wasu shekaru. Ka kwafi lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ka biya a duba maka tarihinta a Carfax, kamfanin da ke adana tarihin motocin Amurka da Kanada, za ka ga jihohin da ta zauna. Farkon lambar yana nuna ƙasar da aka ƙera ta ne kawai, ba inda aka hau ta ba. Motar Arizona ko California ta fi ta Michigan kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Ta Texas sai a ƙara bincike, don guguwar Harvey ta 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Houston.

In tsatsar ta sama ce, ka nemi ragi ka saya. In ta kai ga ƙarfunan da ke riƙe da ƙafa, ƙara kuɗi ka ɗauki ɗayar. Arha ba ta ado.

Wani direban a-kori-kura daga Funtuwa ya ce: "Ina dakon taki da gishiri da awaki ranar kasuwa. Bayan motata ya fara hujewa. Bakanike ya ce in riƙa fesa baƙin mai a ƙasa, wani kuma ya ce in biya a shafa mini baƙin roba mai kauri. Wanne ya fi?"

Ɗan'uwa, kayan da kake ɗauka su ne ciwon. Takin zamani da gishiri da kanwa da fitsarin dabbobi duk suna cin ƙarfe. Buhu ɗaya ya ɗan yage, ƙwayoyin taki su maƙale a kusurwa, raɓa ta sauka a kansu, shi ke nan. Maganin farko kusan kyauta ne: shimfiɗa tamfol mai kauri kafin lodi, in ka sauke ka share, ka wanke da ruwa mai yawa a ranar, ka bar motar a ɗan gangare ruwan ya tsiyaye.

Baƙin mai yana korar ruwa, ba zan musa ba, shi ya sa tsofaffin direbobi suka riƙe shi. Amma yana lalata robobin ƙafa, yana tara ƙura ta zama kwaɓa, in ya taɓa burki kuma ka jawo wa kanka. In za ka iya samun man feshi da aka yi musamman don hana tsatsa, mai kakin zuma ko man ulu, shi ya fi, a fesa sau ɗaya a shekara kafin ruwa ya sauka. Baƙin roba kuwa na ƙarfe mai tsabta ne. In aka shafa shi a kan tsatsa, sai ya rufe danshi a ciki, ka riƙa ganin baƙi mai kyau alhali ƙarfe na ruɓewa a ɓoye. Inda ya riga ya huje, a yanke a yi waldar sabon ƙarfe.

Wata Hajiya daga Kano ta ce motarta tana warin danshi, kafet ɗin gaba kullum a jiƙe, ga shi ba ta cika fita da ita ba, tana lulluɓe da tamfol a tsakar gida.

Hajiya, a ɗaga kafet ɗin yau, kada a jira gobe. Ƙarƙashinsa akwai soso mai riƙe ruwa na makonni, ƙarƙashin soson kuma ƙarfen daɓen mota ne. Galibi bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya mota ne ya toshe, ko ganye da ƙura sun cika magudanar da ke gindin gilashin gaba. A ƙasan kowace ƙofa ma akwai ƙananan huji na fitar ruwa, ƙurar hunturu takan toshe su. A sa yaro ya zungure su da tsinke. A kuma gaya wa masu wankin mota su daina watsa ruwa a ciki.

Tamfol na leda kuwa yana kama tururin da ke tasowa daga ƙasa ya ajiye a jikin mota. Rumfa mai shan iska ta fi. A riƙa fita da ita ko sau ɗaya a mako, tafiyar da za ta sa salansa ya yi zafi ya ƙone ruwan da ke cikinsa.

Ta ƙarshe daga wani matashi a Maraɗi: fenti ya fara yin ƙuraje a saman tayar baya, mai fenti ya ce zai shafa fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ya fesa, ba wanda zai gane.

Ba wanda zai gane har damina ta gaba. Yawancin motocin zamani ana shafa wa ƙarfensu zink, irin na kwanon rufi, shi ke kare shi. In fenti ya kumbura a bakin taya, alama ce tsatsar ta taso daga ciki, inda taɓo ke maƙalewa a leɓen ƙarfen. Ka tsaya a kansa ya kankare har ƙarfe ya yi fari, ciki da waje, ya shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, sannan fila kaɗan don daidaita fuska. Daga nan duk wanki ka sa a kai bakin tiyo cikin wannan leɓen. In kuma watarana za ka sayi wata, tafi da ɗan maganaɗisu ka bi jikinta da shi: in ƙofar ko gefen na ƙarfe ne, duk inda ya ƙi kamawa akwai fila mai kauri.