Amsa kan ajiye haruffa masu lanƙwasa a cikin bariyabul

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka ajiye ƙ da ɗ da ɓ kowanne a cikin bariyabul ɗinsa (wato sunan da ake ajiye wata ƙima a ƙarƙashinsa) a manhajar Python da kake rubutawa, tunda kibod ɗinka ba shi da su. A ganina bai dace ba, domin bariyabul ɗin da ba ya bayyana ma'anar abin da ya riƙe, kuma ƙimarsa ba ta taɓa sauyawa, wahala kawai yake ƙara wa mai karatu, wanda zai riƙa komawa sama yana neman abin da ke ciki.

Python 3 tana karanta fayil ɗin da ka rubuta manhajarka a ciki da tsarin UTF-8 kai tsaye, wato tsarin adana rubutu da ya ƙunshi waɗannan haruffa, saboda haka kana iya rubuta kalma kamar “ƙasa” yadda take. Gaskiya ne yawancin kwamfutocin da muke saye a nan Kaduna kibod ɗinsu na tsarin Amurka ne, amma Windows tana da tsarin Hausa a saitin harshe. A yawancin tsarin Linux kuwa, ka danna Ctrl da Shift da U tare, ka rubuta 0199 don ƙ, ko 0257 don ɗ, ko 0253 don ɓ, sannan ka danna Enter.