Amsa ga ɗan'uwan da ya dawo daga Yankari yana shirin sayar da kyamararsa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi tun da na karanta tambayarka raina bai kwanta ba, don ciwon da kake ji na san shi sarai. Ka ce ka je Yankari da Canon 600D da ɗan gilashin da take zuwa da shi, 18-55, ka dawo gwankin da ka ɗauka ya zama ɗigo a tsakiyar ciyawa, na tsuntsaye kuwa ba a magana, har abokai suna cewa wayarsu ta fi. Yanzu kana shawarar ko ka sayar da ita ka cika kuɗi ka sayi 6D ta hannu, ko ka koma Nikon P900, ko ka haƙura da namun daji ka tsaya kan duwatsu da faɗuwar rana.

Don Allah kada ka sayar. Kyamararka ba ta yi maka laifin komai ba, gilashin ne bai kai ba. 55 ɗin nan ko an ninka shi da 1.6 na ƙaramar sensarka (abin da ke kama hoto a cikin kyamara) 88 zai ba ka, tsawon da ake ɗaukar amarya da shi daga taku biyar. Gwanki kuwa ba zai taɓa bari ka matso haka ba. 6D da kake sha'awa ma baya za ta mai da kai a wannan harkar, domin babbar sensa ba ta da wannan ninkin, dabba sai ta ƙara ƙanƙancewa a hoton. Kuma gilashinka na EF-S, wanda aka yi wa ƙaramar sensa, ba ya ma ɗauruwa a jikinta, ka ga ka sayar da mai aiki ka dawo gida da bodi tsirara. Saurinsu ma kusan ɗaya ne, taka hoto 3.7 a daƙiƙa, ita 4.5. Kuɗin nan dogon gilashi ya kamata su tafi.

Amma a wajen sayen dogon gilashin ne nake jin tsoron a yi maka abin da aka yi min, shi ya sa ma na kasa yin shiru.

Nawa da kuɗin adashi na saya. Na ɗauki kwasata, ban yi wa iyali komai a ciki ba, na kai wa wani mai shago da ake ta yabo. Mutum ne mai fara'a, ya sa aka kawo min lemo, yana ta kirana babban yaya. Ya ciro gilashin daga kwali ya ce wannan satin aka sauke shi, wai wata tsohuwa ce a Turai take ɗaukar tsuntsayen lambunta da shi. Na ɗaura a kyamarata a cikin shagon, na saita kan kwalayen da ke jikin bango, ya kama tsaf. Na ce ya rantse ba a taɓa buɗe shi ba, ya rantse da Allah. Musulmi ya rantse maka da Allah, me ya rage?

Muka tafi Yankari a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suna gangarowa kogin Gaji. Kai da ka je ka san dajin nan ya kai murabba'in kilomita 2,244, giwayen da suka rage kuma ba su da yawa, mutum sai ya yi ta zuwa bai ga ko kashinsu ba. Ranar da yamma, rana ta yi sanyi, muna kan hanyar komawa masauki, ɗan rakiyarmu ya buga rufin mota ya ce direba ya kashe inji. Sai ga su suna fitowa daga duhuwa. Uwa a gaba, ɗanta yana bin ƙarƙashin cikinta, sauran a baya. Ta tsaya a tsakiyar hanya ta ɗebi ƙasa da haurenta da hancinta ta watsa a gadon baya, rana ta bugi ƙurar ta koma ja. Na ɗaga kyamara, na zuƙo har ƙarshe, na taɓa maɓalli. Gilashin ya fara kuka, zzz gaba, zzz baya, ya ƙi tsayawa. Na sake, haka. Na mai da shi na hannu, zoben yana juyawa a banza bai kama komai ba. Hannuna yana rawa, gumi yana shiga min ido, na kusa da ni yana ta ɗauka da waya yana cewa malam ɗauka mana, ɗauka mana. Ɗan giwar ya juyo ya kalle mu, ya baza kunnuwa, ya koma gindin uwarsa. Suka tsallaka suka shige. Duk abin bai fi minti uku ba.

Da dare na zauna bakin gado ina duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Duk toka-toka, babu wanda za ka nuna wa yaro ya ce giwa ce. Ban ci abinci ba. Abokan tafiya suka sauka Wikki wanka, ruwan nan mai ɗumi da kowa ke ɗoki, ni ko ƙofa ban leƙa ba. Ba na jin kunyar faɗa maka na yi hawaye a daren nan.

Da na dawo na kai wa mai gyara. Ya kunna tocilan ya haska ta baya, ya ce in leƙa. Funfuna ce ta yi saƙa a gilasan ciki, kan sukurorin kuma duk sun cinye, alamar an sha kwance shi, har da busasshen gam a wajen zoben. Ya ce daga kusa zai kama, amma da an zuƙo shi ƙarshe ba zai iya ba, kuma duk wanda ya sayar da shi ya san haka. Na koma shagon. Mutumin da ke kirana babban yaya ko kujera bai ba ni ba. A gaban yaransa ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa, wai ai ya ji na je Yankari, ƙila a Wikki na tsoma shi. Funfunar da take ɗaukar watanni tana yaɗuwa, wai ni na sa ta a tafiya ɗaya! Na kai ƙara wajen shugabannin layinsu, aka ce in yi haƙuri kasuwa ce. Na tura dattijon da ya haɗa mu, ya dawo yana ba ni baki. Ba kuɗin ne suka fi ƙona min rai ba, rantsuwar ce, da yadda ya mai da ni maƙaryaci a bainar jama'a. Har yau in na bi ta layin sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Na bar shi da Allah, kuma ban yafe ba. Giwa da ɗanta a irin wannan hasken kuwa ban sake samu ba.

To ka ji. In za ka sayi na hannu, tafi da kyamararka da tocilan. Cire murfi biyun, haska ta gaba, haska ta baya. Ƙura kaɗan ba komai ba ce, amma in ka ga zare-zare fari ko hazo, ajiye masa kayansa. Dubi kan sukurori. Sannan fito da shi waje, kada ka yarda da gwajin cikin shago. Zuƙo har ƙarshe, saita kan allon wani shago can nesa, dawo kan abu na kusa, koma nesa, yi ta yi har ya yi ɗumi. Buɗe hoton ka faɗaɗa shi ka ga ko rubutun ya fito. In ya ce yana sauri ko kada a fita da kaya, ka san akwai magana. A yi sharaɗin mayarwa a rubuce, da shaida. Kada ka yarda a sako maka a mota daga wani gari kan hoton WhatsApp.

Wanda zan ce ka nema shi ne Canon 55-250 IS STM. Ba shi da nauyi, yana da abin hana rawar hannu, a kyamararka kuma daidai yake da 400. Da shi za ka ɗauki gwanki da ɓauna da gwambaza da gadu har mutane su tambaye ka da me ka ɗauka. Za a yi ta tura maka 75-300 saboda lambarsa ta fi girma kuma ya fi araha, amma wanda ya cika kasuwa ba shi da abin hana rawar, a 300 kuwa rawar hannu ba ta ɓuya. Su Sigma da Tamron 150-600 su ne burin kowa a cikinmu, sai dai kusan kilo biyu ne, ga tsada yadda dala ta koma, kuma suna son haske sosai. Bari sai ka tabbatar tsuntsaye sun shiga jininka.

P900 ba zan kushe ta ba, akwai masu ita a zauren nan kuma suna kawo abin mamaki. Tana zuƙowa har daidai da 2000, tsuntsu yana kan ƙiryar can ƙetaren rafi za ka ga launin idonsa. Ga mai son gane irin tsuntsu ya rubuta, babu kamarta. Amma sensarta 'yar mitsitsiya ce, da magariba ta gabato hoton sai ya dagule, ba ta bin abin da ke tashi sama, kuma ba ta ɗaukar RAW, ɗanyen hoton da ake gyarawa daga baya, sai irin su P950 da ta biyo bayanta. Wani abin da ba a faɗa wa mutum shi ne ƙawalwalniya. Da rana ta take, iskar da ke tsakaninka da dabbar rawa take yi, ko gilashin miliyan nawa ne hoton zai narke. Tsawon gilashi ba ya maganin wannan, sai matsowa da sammako.

Sammakon nan ma shi ne rabin aikin. Motar zagaye ta safe da ta yamma, su ne naka. Kuma duba saurin shota, ina kyautata zaton a nan wasu hotunanka suka lalace. Juya zuwa Tv, inda kai ke zaɓar saurin shota, sa 1/1000 na daƙiƙa ga dabbar da ke motsi, 1/2000 ga tsuntsu a sama, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau har 1600 in ya kama. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi, wanda ya girgiza ya tafi ke nan. Zaɓi ɗigon saiti na tsakiya shi kaɗai ka ɗora a idon dabbar, in ba haka ba kyamara ciyawar gabanta za ta kama. Roƙi direba ya kashe inji. Ni safa nake cikawa da wake in ɗora a tagar mota in kwantar da gilashin a kai.

Kuma kada ka jira sai Yankari. Belbela a bayan shanu, cilakowa, shamuwa in damina ta ƙarato, shirwa a saman mahauta, duk makaranta ce a ƙofar gida. In ka samu dama tsakanin Nuwamba da Fabrairu ka je fadamar Haɗeja da Nguru, ta Baturiya ko Dagona, lokacin da baƙin tsuntsaye ke saukowa daga Turai su haɗu da kirinjijiya da ɗinya da zalɓe. Kacalla ta cinye wurare da yawa, abin yana ba ni takaici duk sanda na gani, masunta ma kuka suke yi da ita don ta toshe musu hanyoyin kwalekwale. In Jos ta fi maka kusa, dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, akwai waɗanda suka san kowane tsuntsu da kukansa.

Maganar komawa kan duwatsu, ba sai ka zaɓi ɗaya ba. 18-55 ɗin da ya ba ka kunya a gaban gwanki shi ne daidai da Kufena ko duwatsun Riyom ko Gurara. Sa buɗin idonsa a f/8, ISO 100, kafa kyamara a kan abu, ka jira haske. Satumba da Oktoba sun fi, ruwa ya wanke sama, ƙasa kore shar, gajimare yana da siffa. Cikin hunturu sama fari fat take, sai dai ka ɗauki rana in ta zama jan faifai a cikin hazo. Bambancinsu a wurina shi ne dutse zai jira ka ka dawo gobe. Amma dai ban taɓa jin zuciyata ta buga a gaban dutse yadda take bugawa in ɓauna ta ɗago kai ta kalle ni ba, kuma daga yadda ka rubuta tambayarka na san kai ma haka kake. Wanda bai damu ba ba zai ji zafin maganar abokai har haka ba. Rabu da su. Ni har yau 'yan'uwana tambayata suke nawa ake biyana, in na ce ba a biya sai su kalli juna.

Af, hunturu. Kada ka canja gilashi a fili, shiga mota ka rufe taga, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Da damina kuma kada ka kulle ta cikin jaka a ƙarƙashin gado, nan funfuna take samun gida. Tara 'yan ƙunshin silika da ake samu a kwalin sabon takalmi ka zuba a roba mai murfi tare da kayan. Dogon gilashi kuma yana jawo ido a hanya yadda tsaro ya zama. Ajiye shi a jaka in kun doshi shinge, kada ka nuna shi wajen bariki ko gada, in ka shiga ƙauye fara gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka. A masaukin Yankari kuma kada ka ajiye jaka ka juya baya, gwaggon biran nan sun san zif.

Turo mana biyu ko uku daga cikin hotunan da suka ɓata maka rai, kada ka goge su, tare da lambobin shota da ISO da aka ɗauke su da su, mu duba tare. In kuma ka samu gilashin da kake so, ɗauki hoton gabansa da bayansa da tocila a kunne ka sako nan kafin ka biya ko sisi.