Yaran shago da kalmar sirrin maigida

Tambaya: Ina da shagon buga takardu da fotokwafi kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, da kwamfuta uku. Akwai wata tsohuwar manhajar lissafi da ba ta buɗuwa sai an sa kalmar sirrin administiratar, wato asusun da ke da cikakken iko a kan na'urar. Da na ɗan leƙa Birni sai yara su yi ta kirana. In ba su kalmar ne, ko in sayi manhajar da aka ce tana maganin wannan?

Amsa: Alhaji, kada ka ba su, kuma ka ɗan riƙe kuɗinka tukuna. Ba zargin yaran nake ba. Ka dubi yawan ɗaliban da ke kawo kile (USB) ana sokawa a kwamfutocinka kullum. Cutar kwamfuta (virus) da ta shiga ta asusun administiratar tana iya mamaye na'urar baki ɗaya, amma a asusun talaka, wato wanda ba shi da wannan iko, ɓarnarta takan tsaya a iyakarsa.

Tun daga Windows Vista, a 2007, na'ura take tsayar da mutum ta nemi izini kafin a yi abin da ke bukatar ikon administiratar. Manhajojin zamanin Windows XP, wanda ya gabaci Vista, kuwa da yawa an rubuta su ne da zaton kowa maigida ne, shi ya sa suke ajiye bayanansu cikin Program Files, ma'ajiyar manhajoji, inda asusun talaka ba shi da ikon rubutu. Sau da yawa ɗaki ɗaya manhajar take son shiga, ba gidan duka ba. Ka kira mai gyara ya sa Process Monitor, manhajar da ke nuna wuraren da kowace manhaja ke taɓawa, kyauta ce daga Microsoft. Ya buɗe manhajar lissafin ta asusun yaran, ya nemo layukan da aka rubuta ACCESS DENIED, wato an hana shiga, sannan ya ba su izinin rubutu a wannan wurin kaɗai. Ga tsofaffin manhajoji irin taka, galibi a nan magana take ƙarewa.

Wani zai ce ma ka a yi amfani da umarnin runas /savecred, wai a sa kalmar sau ɗaya na'ura ta riƙe. Wannan nake tsoro ƙwarai. Da zarar ta riƙe, duk mai zaune a asusun yana iya buɗe kowace manhaja da ikonka, ba ta lissafi kawai ba. Ko ita ta lissafin, in ta tashi da ikon administiratar, ta tagar da ake zaɓar fayil ana iya kunna wani abin daban.

Batun saye: Microsoft na da tsarin da ke buɗe manhaja da ikon administiratar ba tare da an ba yara kalmar ba, cikin Intune, manhajarsu ta kula da kwamfutocin ma'aikata, amma na manyan ma'aikatu ne masu biyan kuɗi a kai a kai, ya fi ƙarfin kwamfuta uku. In dole sai ka kashe kuɗi, nemi sabon fitowar manhajar lissafin. Kafin ka ba da ko dala, ka sa mai sayarwa ya buɗe ta gabanka a asusun yaran, ya shigar da ciniki ɗaya, ya buga rasit.