Kafin Tsaninka Ya Tsallake Kogi

Ɗana, na ji saƙonka jiya da daddare ina tsaka da wanke burushi, shi ya sa ban amsa nan take ba. Ka ce ka samu aikin fentin wani gida mai hawa uku a Paterson, cikin jihar Niyu Jasi, aikin mako uku, za ka tafi da yara biyu. Ɗaya namu ne na nan Buronks a Niyok, ɗayan kuma can yake zaune, ta waya ka ɗauke shi. Tambayarka ita ce, tunda ka riga ka yanki inshorar diyyar ma'aikata a Niyok, wadda muke cewa wokas kwam, ba shi ke nan ba? Har ka ƙara da zancen ɗan'uwanka na Columbus da ke cewa ka zo akwai aiki a Ohayo.

To, ba shi ke nan ba. Allah ya sa ka yi tambayar tun ba ka ɗora tsani a kan mota ba.

Abin da ke rikita mu, mu da muka taso a gida, shi ne mun saba doka ɗaya ce daga Sakkwato har Fatakwal. A Najeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta tarayya ce, hukumar NSITF ke riƙe da ita, ko ka kwashi leburorinka daga Kano zuwa Kaduna babu abin da ya sauya. Nan Amurka kuwa kowace jiha da tata dokar, da tata hukumar, da nata lissafin. Haka abin ya faro tun asali. Wisconsin ta yi tata a 1911, Mississippi ba ta yi ba sai 1948. Ita kanta Niyok ta yi doka a 1910, babbar kotun jihar ta soke ta ranar 24 ga Maris 1911, washegari gobara ta tashi a masana'antar ɗinki ta Triangle a Manhatan, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙi irinmu. Sai da aka gyara tsarin mulkin jihar kafin sabuwar doka ta fara aiki a 1914. Kowace jiha da irin wahalar da ta haifi tata dokar, shi ya sa babu wadda ke yarda a yi mata aron ta maƙwabciya. Gadar Joj Washinton, wadda ta haɗa Niyok da Niyu Jasi a kan kogin Hudson, da kake ratsawa cikin minti biyar in babu cunkoso, a wajen inshora iyakar ƙasa ce.

Yanzu ɗauko takardar inshorarka. Kada ka tsaya kan satifiket ɗin nan mai shafi ɗaya da kake nuna wa masu ba da aiki, ainihin kundin nake nufi. A shafin farko za ka ga lamba 3, an raba ta gida-gida. Gidan 3.A shi ne jerin jihohin da kamfanin inshora ya ɗauki nauyin biyan diyya bisa dokarsu. Na tabbata naka NY kaɗai aka rubuta, wato Niyok. Gidan 3.B iyakar kuɗin da za su tsaya maka ne idan aka kai ka ƙara a wajen tsarin diyyar. Gidan 3.C kuwa shi ne na "sauran jihohi", kuma nan ne mutane ke faɗawa rami.

Wani zai duba 3.C ya ga an jera jihohi da yawa, ko an ce duk jihohi ban da kaza da kaza, sai ya ninke takarda ya sa a aljihu, hankalinsa kwance. Amma an yi 3.C ne don abin da ya taso ba shiri bayan inshora ta fara aiki, kamar ka aiki yaro Fort Lee, can tsallaken gada a Niyu Jasi, ya ɗauko bokitan fenti ya zame a bakin shago. Ko a hakan sharaɗin da ke cikin kundin shi ne ka sanar da su nan take da zarar ka fara aiki a ɗaya daga cikin jihohin. Akwai wani sharaɗin da ya fi wannan cizo: idan ranar da inshorarka ta fara, ko ranar da aka sabunta ta, kana da aiki a wata jihar da ba ta cikin 3.A, to ba su da ruwa da wannan jihar sai in ka sanar da su cikin kwana 30. Ka ga ke nan aikin da ka sa hannu a kwangilarsa, ka san ranar farawa, ka ɗauki mutumin garin, ba abin da za ka jingina da 3.C ba ne. Wurinsa 3.A. Sannan duba da kyau, ba kowa ke da wani abu a 3.C ba. Mu ƙananan 'yan kwangila da manyan kamfanoni ba sa rububinmu, sau da yawa inshorar da muke samu ta asusun jiha ce ko ta rukunin waɗanda aka ƙi ɗauka, kuma irin waɗannan ba kasafai suke tsallake iyaka yadda kake zato ba. Tambayi dillalin inshorarka kai tsaye, kuma ya ba ka amsa a rubuce.

Bari in gaya maka yadda na koyi wannan, don ba a aji na koya ba. Shekarun baya, kafin ka zo wurina, na karɓi aikin fentin matakalar wani gida a tsallaken kogin nan. Ina da inshora, ina biya kan kari, har ina yi wa wasu gori. Na ɗauki wani bawan Allah mazaunin can, mai hannu ƙwarai wajen yanka layi, ba ya ko sa tef. Rana ta huɗu, bayan azahar, yana kan tsani a kwanar matakala yana miƙa hannu zuwa lungun silin, ƙafar tsanin ta hau kan ledar da muka shimfiɗa ta zame. Har yau ina jin ƙarar bokitin yana gangarowa hawa-hawa, farin fenti yana fallatsa a bango. Shi kuwa da ya tashi zaune, hannunsa na dama yake riƙe da na hagu, wuyan hannun ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Bai yi kuka ba, salati kawai yake yi.

Na kira kamfanin inshora da ƙarfin gwiwata. Matar da ta ɗauka ta tambaye ni a ina aka ji raunin, a ina aka ɗauke shi aiki, a ina yake zaune. Duka amsoshin uku jiha ɗaya ce, kuma ba ita ce a takardata ba. Gidan 3.C nawa fayau yake. Mutumin ya shigar da buƙatarsa a jiharsu, kuma haƙƙinsa ne, ban taɓa ganin laifinsa ba. Kuɗin asibiti, da aikin da aka yi masa aka sa ƙarfe, da gashin ƙashi, da albashin watannin da ya yi a zaune, da lauya, duk a kaina suka sauka. Farar motar nan da kake ganin hotonta a shago, a wannan shekarar na sayar da ita.

Tambayoyin nan uku na matar, riƙe su, don su ne ma'aunin. Jiha takan ce maganar tata ce idan a cikinta aka ji rauni, ko a cikinta aka ƙulla ɗaukar aikin, ko a cikinta mutum ya fi yin aikinsa. Saboda haka rauni ɗaya yana iya shiga hurumin jiha biyu, kuma mai raunin ne zai zaɓi inda zai kai kukansa, ba kai ba. Yaronka na Buronks, in ya ji ciwo a Paterson ya dawo ya nema a Niyok, inshorarka za ta biya shi bisa dokar Niyok, tunda aikin wucin gadi ya kai shi. Amma babu abin da ya hana shi nema a can. Kuma akwai dalilin da zai sa lauya ya duba duka biyun. Niyok tana biyan kashi biyu cikin uku na matsakaicin albashin mako, gwargwadon nakasar, Niyu Jasi kashi 70 cikin ɗari, kowacce kuma da iyakar da ba ta wucewa. A Niyok mai rauni ne ke zaɓen likitansa cikin waɗanda hukuma ta amince da su, a Niyu Jasi kuwa mai aiki ko kamfanin inshorarsa ke zaɓa. Shi kuwa ɗan Paterson ɗinka, can yake zaune, can ya amsa wayarka, can zai hau tsani. Babu ta inda Niyok ta shigo maganarsa sai adireshin shagonka.

Ban da jinyar, akwai tara. A Niyu Jasi rashin inshora yana iya jawo har dala 5,000 a kwana goman farko, da wata har 5,000 a kowane kwana goma da suka biyo. A nan Niyok dala 2,000 ce duk kwana goma, kuma suna iya liƙa maka takardar dakatar da aiki a ƙofa. Ribar aikin mako uku nawa ce?

Na san abin da wasu abokanka za su ce maka a majalisa bayan sallar isha: ka ba ɗan Paterson ɗin 1099 kawai, wato takardar harajin da ake ba wanda ba ma'aikacinka ba, ka ce shi ma ɗan kwangila ne mai zaman kansa. Kada ka saurare su. Tun 2010 Niyok ta yi doka cewa duk wanda ke aikin gini a ƙarƙashinka ma'aikacinka ne har sai ka kawo hujjar akasin haka, kuma Niyu Jasi ma ba ta wasa da wannan. Mutumin da kai ka sa masa lokacin zuwa, da rolarka yake aiki, kai ke nuna masa bangon da zai fara, ko wace takarda ka ba shi yaronka ne. Haka kuma masu cewa ai wane ba shi da takardun zama, ba zai iya kai ƙara ba. Zai iya, dokar diyya a Niyok ta haɗa da shi. Ko da ma ba ta haɗa ba, mutumin da ya bar iyali a Agadas ko Kumasi ya zo ya karye a kan tsaninka, da wane ido za ka dube shi ranar Juma'a?

Abin yi ba shi da wuya. Kira dillalinka gobe da safe, ka ce a ƙara NJ, wato Niyu Jasi, a 3.A kafin ranar farawa, ka gaya masa kiyasin albashin da za ka biya a can. Kuɗin inshorar nan ana lissafa shi ne a kan kowace dala 100 ta albashi, farashin kuma ya danganta da irin aikin da kuma jihar, don haka za a raba maka lissafi gida biyu. In kamfaninka ba ya aiki a can, sai ka yanki wata daban ta Niyu Jasi. Ƙarin kuɗin ka zuba shi cikin farashin da za ka ba mai gidan, in ba ka riga ka yanke ba. In ka riga ka yanke, to ka ɗauka kuɗin makaranta ne. Ka kuma sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta wa ya yi aiki a ina, ranar yaushe, awa nawa. Ƙarshen shekara mai binciken kamfanin zai zo ya bi albashinka, in ya tarar ka cakuɗa komai wuri ɗaya, ba ta inda zai yi maka sauƙi zai lissafa ba.

Wata rana abin zai juyo ta ɗaya gefen, kai ne za ka kira wani mai filasta daga tsallake ya taya ka aiki a Buronks. A harkar gini Niyok ba ta karɓar 3.C daga baƙo, dole sunanta ya fito a 3.A nasa. Nemi ya kawo maka fam C-105.2, takardar shaidar inshorar Niyok, daga kamfanin inshorarsa. In ya zo ba inshora yaronsa ya ji ciwo, doka kanka za ta dawo, kuma mai binciken nan zai ɗora albashin yaransa a kan naka.

Maganar Ohayo kuwa, dakata tukuna. Jihohi huɗu ne da kamfanoni masu zaman kansu ba sa sayar da wannan inshorar a cikinsu, sai asusun gwamnatin jiha: Ohayo, Washinton, Wayomin da Dakota ta Arewa. Su ne "ban da kaza da kaza" ɗin da ake rubutawa a 3.C. In ka ɗauki mutum a Columbus, wurin hukumar jihar za ka je ka yi rajista, dillalinka ba zai iya ƙara maka ita a 3.A ba ko yana so. Inshorar tasu kuma ba ta ƙunshi kariyar nan ta 3.B ba, sai ka sayi cike-gurbi daban. Ka gama da Paterson lafiya, in ɗan'uwan naka ya turo kwangila a rubuce sai mu zauna a kanta.

Ka zo min da kundin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu duba shafin farkon tare. Ka haɗo da doguwar sandar rolata da ka ara tun kafin azumi, sannan a matakala kada ka shimfiɗa leda a ƙarƙashin tsani, sa tamfol na yadi.